Daga Kalmar "Ko" Zuwa Ƙofar Lantarki: Darasin Farko a Manɗiƙin Dijital da Abin da Hausa Ke Iya Ba Shi

Tsakure

Ɗalibin da ya fara darasin manɗiƙin dijital a jami'a yakan zaci cewa wahalarsa tana cikin lissafi ko cikin haɗa wayoyi. Wannan maƙala ta tafi a kan cewa tuntuɓen farko a harshe yake, domin an gina fannin ne a kan ƙananan kalmomi na haɗi da na korewa, waɗanda ma'anarsu a bakin mutane ta fi wadda da'irar lantarki ke ba su faɗi. An bi darasin tun daga hali biyu na 0 da 1 har zuwa da'irar tarawa da makullin ajiya, ana auna kowane mataki da nahawun Hausa da kuma rabe-raben da malaman manɗiƙi suka daɗe da yi.

1.0 Gabatarwa

Manɗiƙin dijital shi ne fannin da ke koyar da tsara da'irorin lantarki waɗanda ba su san komai ba sai hali biyu, kunne da kashe, da ake rubutawa da 1 da 0. A jami'o'in Nijeriya ana koyar da shi da Ingilishi a sassan injiniyan lantarki da na kimiyyar kwamfuta, kuma a kansa ake ɗora darasin ginin kwamfuta baki ɗaya. Wanda ya rasa shi zai yi ta haddar zane-zane ba tare da sanin dalilinsu ba.

Fannin ya girmi lantarkin da ake aiwatar da shi a kai. George Boole, Baturen Ingila da ya koyar da lissafi a birnin Cork na ƙasar Ayalan, shi ne ya nuna a littattafansa na 1847 da 1854 cewa ana iya sarrafa hukunce-hukuncen hankali da alamomi kamar yadda ake sarrafa lambobi. Aikin ya zauna a hannun masana falsafa da lissafi sama da shekara tamanin. Sai a 1937 Claude Shannon, yana ɗan shekara 21, ya nuna a kundin digirinsa na biyu a cibiyar MIT ta Amurka cewa makunnan lantarki irin waɗanda ake amfani da su a musayar layukan tarho suna bin ƙa'idojin Boole sau da ƙafa. Daga nan ne hukunci ya koma waya.

2.0 Hali Biyu da Ma'anar "Ƙofa"

A zahiri babu 0 ko 1 a cikin waya. Ƙarfin lantarki ne kawai yake hawa yana sauka. Masu ƙera kayan ne suka yi yarjejeniya. A dangin ƙwayoyin lantarki masu lamba 7400, waɗanda kamfanin Texas Instruments ya fitar tun shekarun 1960 kuma har yau ake koyarwa da su a ɗakunan gwaji, ana ciyar da ƙwaya da bolt 5. Duk abin da ya shigo mata daga bolt 0.8 zuwa ƙasa 0 ne, daga bolt 2 zuwa sama kuwa 1 ne. Tsakanin biyun fili ne da ba a yi alkawarin komai a cikinsa ba. Wannan tazara ita ce sirrin ƙarkon na'urar dijital: ƙaramar girgiza a ƙarfin wuta ba ta sauya hukunci.

Ƙaramar da'irar da ke karɓar 0 da 1 ta mashiga ɗaya ko fiye, ta fitar da hukunci guda ta mafita, ita ake kira ƙofa. Sunan fassara ce daga Ingilishi, kuma yana da aibi biyu da ya kamata malami ya faɗa tun ranar farko. Na ɗaya, a Hausa buɗaɗɗiyar ƙofa ita ke barin a wuce, alhali a lantarki buɗaɗɗen makunni shi ke yanke wuta. Ya fi aminci a bar "buɗe" da "rufe" a riƙe "kunne" da "kashe". Na biyu, sunan yana sa ɗalibi ya ɗauka cewa wutar mashiga ce take ratsawa ta fita. Ba haka ba ne. Kowace ƙwaya tana da ƙafar da take shan wuta da kanta, ƙafa ta 14 a yawancin ƙananan ƙwayoyin dangin nan, ta 7 kuma tana zuwa ƙasa. Mashigai umarni kawai suke bayarwa. Wanda bai gane wannan ba zai tsaya yana mamakin ƙofar korewa, wadda ake ba ta 0 ta fitar da 1, yana tambayar daga ina wutar ta fito.

Ana bayyana halin kowace ƙofa da jadawalin gaskiya, wato jerin duk yanayin da mashigai za su iya kasancewa tare da hukuncin kowanne. Mashiga biyu suna ba da layi 4, uku suna ba da 8, huɗu 16. Ƙarin kowace mashiga yana ninka jadawalin.

3.0 "Da" ko "Kuma"?

Ƙofa ta farko ita ce wadda ba ta fitar da 1 sai dukan mashiganta sun zama 1. Misalinta injin jan ruwa na burtsatse da aka tsara ba zai tashi ba sai akwai wuta kuma tanki ya yi ƙasa. A makunnai, ita ce guda biyu da aka jera a kan waya ɗaya, wuta ba ta isa ƙwan fitila sai an kunna duka.

Fassarar da ke fara zuwa baki ita ce "ƙofar DA". Masu nazarin ginin jumlar Hausa za su ga matsalar nan take. "Da" tana haɗa suna da suna, kamar a "Audu da Binta", amma ba ta haɗa jumla da jumla. Wanda ya ce "Audu ya zo da Binta ta tafi" bai haɗa labari biyu ba. Mai saurare zai fahimci cewa Audu ya zo ne bayan tafiyar Binta. Ita kuwa ƙofar hukunci biyu take haɗawa, kowanne mai yiwuwar zama gaskiya ko ƙarya, wato jumloli ne ba sunaye ba. Mahaɗin jumloli a Hausa "kuma" ne. Saboda haka ƙofar KUMA ta fi dacewa, kuma da ita za a ci gaba a nan.

4.0 Matsalar "Ko"

A nan ne darasin yake da ƙaya. Ƙofa ta biyu tana fitar da 1 idan aƙalla mashiga ɗaya ta zama 1, har da lokacin da duka biyun suka zama 1. Layin ƙarshen nan shi ɗalibai suka fi musu a kansa, kuma musun nasu yana da hujja. Idan mai masauki ya ce wa baƙo "shayi za ka sha ko koko?" ba ya nufin a haɗa biyun. Idan alƙali ya ce "ɗaurin wata shida ko tara", ɗaya za a ɗauka. Amma idan aka rubuta a bakin ofis cewa ba za a shiga ba sai da katin ɗan ƙasa ko fasfo, babu mai gadin da zai kori wanda ya zo da duka biyun. Kalma ɗaya ce, hukunci biyu, kuma yanayin magana ne yake rarrabewa. Waya kuwa ba ta jin yanayin magana.

Ruɗanin bai taƙaita ga Hausa ba. Shi kansa Boole bai yarda a yi amfani da alamar tarawa ba sai tsakanin rukunoni biyu da ba su yi tarayya a komai ba. William Stanley Jevons ne ya yi jayayya da shi a 1864, ya kawo "ko" mai yarda da haɗuwa, wadda ita ce ta zauna a littattafan yau. Ke nan ɗalibin da ya yi turjiya a kan layi na huɗu yana maimaita gardamar da magabatan fannin suka yi ne.

Abin da ya fi jan hankali ga mai nazarin Hausa shi ne cewa zaurukan ilimi na ƙasar nan sun riga sun mallaki kalmomin warware wannan ƙulli. Manɗiƙi ba baƙo ba ne a Bilad Sudan. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a fannin, ya kuma yi muhawara da Suyuɗi a kan halaccin karanta shi. Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda littafinsa na fiƙihu ya shahara a nan da sunan Ahalari, shi ne kuma mai Sullam, matanin manɗiƙi. A wannan ilimi, jumlar da aka gina da "ko dai… ko" kashi uku ce.

Akwai mani'atul jam'i, mai hana haɗuwa: ɓangarorin biyu ba sa zama gaskiya tare, amma suna iya zama ƙarya tare. Wanda ya hango dabba daga nesa ya ce "akuya ce ko tunkiya" ya san ba za ta zama duka biyun ba, sai dai tana iya zama ɗan maraƙi. Akwai mani'atul huluwwi, mai hana wofinta: ba sa zama ƙarya tare, amma suna iya zama gaskiya tare. "Gonar nan ko dai ta sami ruwa ko ta rasa amfani." Ba zai yiwu a ce ba ta sami ruwa ba kuma ta yi amfani, yana yiwuwa kuwa ta sami ruwan, fara ta cinye ta. Sai haƙiƙiyya, mai hana duka biyun: "fitilar nan ko tana kunne ko tana kashe."

Idan aka rubuta jadawalin kowanne, sai a ga ƙofofi uku ne na ɗakin gwaji. Mai hana wofinta ita ce ƙofar KO ta littattafai. Haƙiƙiyya ita ce wadda Ingilishi ke taƙaitawa da XOR, wadda za a kira ƙofar SAƁANI a nan domin ba ta fitar da 1 sai mashiganta biyu sun saɓa. Mai hana haɗuwa ita ce NAND, wadda za a kira BA-DUKA.

| A | B | KUMA | KO | SAƁANI | BA-DUKA |
|---|---|---|---|---|---|
| 0 | 0 | 0 | 0 | 0 | 1 |
| 0 | 1 | 0 | 1 | 1 | 1 |
| 1 | 0 | 0 | 1 | 1 | 1 |
| 1 | 1 | 1 | 1 | 0 | 0 |

Kada a wuce gona da iri a kamancen. Malamin manɗiƙi yana duban ma'anar ɓangarorin ne, yana cewa yanayi kaza ba zai faru ba saboda akuya ba ta zama tunkiya. Ƙofa ba ruwanta da ma'ana. Yanayin yana iya zuwa mata, abin da take yi shi ne ta hukunta shi da 0. Amma layukan da kowane kashi ya yarda da su, da waɗanda ya kore, daidai suke da na jadawalin, kuma wannan ya isa ya zama tsani ga ɗalibin da ya taɓa zama a zaure.

Mai hana haɗuwa tana bangon gidaje da yawa. Makunnin sauya layi tsakanin wutar gwamnati da ta janareto yana da matsayi uku: wannan, ko wancan, ko tsakiya inda aka yanke duka. Abin da aka ƙera shi ya hana shi ne haɗuwar layukan biyu, domin hakan na iya ƙona injin, ko ya tura wuta cikin layin waje ta kama ma'aikacin da ke kan turke yana zaton layin a kashe yake. SAƁANI kuwa ita ce halin fitilar bene mai makunni biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, wadda taɓa kowanne ke juya halinta. An guji kiranta "ɗaya tak" da gangan: idan aka sarƙa ta ga mashiga uku, tana fitar da 1 ne duk lokacin da adadin masu 1 ya zama witiri, har da lokacin da duka ukun suke kunne.

5.0 Korewa da Ƙa'idar De Morgan

Ƙofar korewa mashiga ɗaya gare ta, tana juya 0 ya koma 1, 1 ya koma 0. Ita kaɗai ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa ne idan korewa ta hau kan jumla mai haɗi, kuma a nan Hausa ta fi Ingilishi sauƙaƙa wa ɗalibi. A dubi waɗannan jumloli game da baƙi biyu da ake jira:

Ba duka suka zo ba.
Duka ba su zo ba.

Babu Bahaushen da zai rikita su. Ta farko tana nufin aƙalla ɗaya bai zo ba. Ta biyu tana nufin babu ko ɗaya da ya zo. Tagwayen "ba… ba" suna aiki kamar baka biyu na lissafi, suna nuna inda korewa ta fara da inda ta tsaya: a ta farko "duka" tana cikin korewa, a ta biyu tana waje. Ta farko ita ce BA-DUKA. Ta biyu ita ce ƙofar da Ingilishi ke kira NOR, wato BA-KO-ƊAYA.

Ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Augustus De Morgan, abokin zamanin Boole, ba ta ce komai ba face wannan. Kore "A kuma B" daidai yake da cewa "ba A ba, ko ba B ba". Kore "A ko B" daidai yake da cewa "ba A ba, kuma ba B ba". Duk lokacin da korewa ta shiga ciki ta rabu a kan ɓangarori, mahaɗin yana juyawa. Kuskuren da aka fi gani a takardun jarrabawa shi ne a raba korewar a bar mahaɗin yadda yake, wato a mayar da "ba duka suka zo ba" ta zama "duka ba su zo ba". Ɗalibin da ba zai taɓa yin wannan kuskure a hirar gida ba yana yin sa a kan allo, saboda an miƙa masa ƙa'idar a matsayin layi da ake ja a saman haruffa.

Daga ƙa'idar ne wani sakamako mai ban mamaki ya fito, wanda Henry Sheffer ya wallafa a 1913: haɗi guda ɗaya ya isa a gina duk sauran. Idan aka ɗaure mashigai biyu na BA-DUKA wuri ɗaya, ta zama ƙofar korewa. Idan aka kore mafitarta, ta zama KUMA. Idan aka kore kowace mashiga kafin ta shiga, ta zama KO. Guda huɗu suna ba da SAƁANI. Masana'antu sun fi son ta don dalilin tattali ma: a fasahar CMOS da ake ƙera ƙwayoyin yau da ita, BA-DUKA mai mashiga biyu tiranzisto 4 take ci, KUMA kuwa 6, domin ita BA-DUKA ce da aka ƙara wa korewa. BA-KO-ƊAYA ma tana da wannan baiwa ta wadatuwa, kuma da ita aka gina manɗiƙin kwamfutar da ta jagoranci kumbon Apollo zuwa duniyar wata.

6.0 Inda Ɗaya da Ɗaya Ke Zama Uku

Mai karatu na iya ganin duk wannan sa-in-sa ce ta masu nahawu. Da'irar tarawa ita ke nuna cewa ba haka ba ne. A ƙidaya mai tushe biyu babu alamar 2. Ana rubuta biyu da 10, uku da 11, huɗu da 100. Tara lamba ɗaya da ɗaya yana buƙatar mafita biyu: abin da za a rubuta, da abin da za a riƙe a kai gaba, kamar yadda ɗan firamare ke rubuta 2 ya riƙe 1 idan ya tara 7 da 5. Sifili da sifili, a rubuta 0. Sifili da ɗaya, a rubuta 1. Ɗaya da ɗaya, a rubuta 0 a riƙe 1. Wanda ya koma ga jadawalin da ke sama zai ga cewa abin rubutawa SAƁANI ne, abin riƙewa kuma KUMA ne. Ƙofofi biyu, an sami rabin da'irar tarawa.

Yanzu a ɗauka ɗalibi ya ɗauko ƙwaya mai lamba 7432, mai ƙofofin KO, a maimakon 7486 mai ƙofofin SAƁANI, don a ransa "ko" ɗaya ce. Layuka uku na farko za su fito daidai, har ya fara murna. A layi na huɗu da'irar za ta rubuta 1 ta riƙe 1, wato 11. Ɗaya da ɗaya sun zama uku. Babu wayar da ta kwance, babu ƙwayar da ta ƙone. Kalma ce ba a tantance ba.

Cikakkiyar da'irar tarawa tana karɓar mashiga ta uku, wato riƙon da ya zo daga gurbin baya. Ana gina ta da rabi biyu, sannan a haɗa riƙonsu da ƙofa guda. Idan aka jera guda huɗu, za su tara 0101 da 0011, wato 5 da 3: gurbin dama ya ba da 0 da riƙo, riƙon ya bi ta gurbi na biyu da na uku yana barin 0 a kowanne, ya sauka a na huɗu, a sami 1000, wato 8. Akwai wata ƙaramar fa'ida a ƙofar da ke haɗa riƙon biyu. Littattafai KO suke sakawa, amma da an sa SAƁANI babu abin da zai sauya, domin riƙon biyu ba sa taɓa zama 1 tare: na farko yana buƙatar A da B su zama 1 duka, na biyu yana buƙatar su saɓa. Inda haɗuwa ba ta yiwuwa, "ko" biyun ɗaya suke, kuma wannan shi ne kaɗai filin da Boole ya yarda a yi tarawa a cikinsa.

7.0 Shigowar Lokaci

Saura bambanci ɗaya tsakanin harshe da ƙofa. "Ya wanke hannu ya ci tuwo" ba daidai take da "ya ci tuwo ya wanke hannu" ba, domin jerin jumlolin Hausa yana ɗauke da jerin aukuwa. Ƙofar KUMA ba ta san gaba da baya ba. A kuma B daidai yake da B kuma A. Duk da'irorin da aka ambata zuwa yanzu hukuncinsu ya dogara ne ga abin da ke mashigai a wannan lokaci kaɗai, da an janye shi sun manta.

Tunawa tana samuwa ne idan aka mayar da mafita ta koma mashiga. A ɗauki BA-DUKA biyu, a kai mafitar kowace zuwa mashiga ɗaya ta 'yar'uwarta, a bar sauran mashigai biyu a kan 1. Idan aka taɓa ɗaya da 0 na ɗan lokaci, mafitarta ta hau 1, ta 'yar'uwarta ta sauka 0, kuma 0 ɗin nan ya dawo ya riƙe ta farko a kan 1 ko bayan an saki. Wannan shi ne makullin ajiya, ma'ajin lamba guda, wanda William Eccles da Frank Jordan suka fara ƙera irinsa da kwalaben lantarki a 1918. Yana da yanayi ɗaya da ake hana mai tsarawa: taɓa mashigan biyu da 0 a lokaci guda. Mafitan biyu, da ya kamata su saɓa, sai su hau 1 tare, kuma idan aka sake su tare ba a san gefen da makullin zai faɗa ba. Makullin ba ya iya kare kansa daga wannan. Da'irar da ke gabansa ce ake ɗora wa sharaɗin hana haɗuwa, kuma daga neman cika wannan sharaɗi ne darasin zango na gaba, na agogo da ma'ajiyai da injinan ƙirga, yake farawa.